Darasi ga Masu Jego da Mazajensu: Jakar Jariri, Abin da Ake Zubawa da Dalilinsa

'Yan uwa mazauna Fidjrossè da Zongo da sauran unguwannin Kwatano. Darasin wannan fitowar na masu jego ne da mazajensu, musamman waɗanda Allah ya ba haihuwar fari a nan, nesa da uwa da kaka da goggo, waɗanda a gida su ne suke koya wa mace komai na reno.

Ni tafinta ce. Aikina shi ne in zauna tsakanin jami'ar kariya da wanda ya zo da magana, in juya Hausa zuwa Faransanci, in juya Faransanci zuwa Hausa. Don haka kullum ina ganin masu jiran layi. Wata rana da damina, wata yarinya mai jego ta zo tun da asuba da jaririnta ɗan kwana 20, tana so a sa shi cikin takardun iyali. Ƙunzugu ɗaya ta zo da shi a jikinsa. Kafin layi ya zo kanta ya yi kashi sau uku, har ta kai ga yage gefen majanyinta. Da aka kira ta, sai ta ciro takardar asibiti daga cikin ledar da ta tura jiƙaƙƙen tsumma. Tawada ta narke, ranar haihuwa ba ta karantuwa. Sai da ta koma asibiti sau biyu, da kuɗin babur na zuwa da dawowa, kafin aka sake mata wata. Ba sakaci ta yi ba. Babu wanda ya taɓa nuna mata.

Abin da darasin nan yake son koyarwa abu ɗaya ne: jariri yana bukatar jakarsa ta kansa, a shirye kullum, a rataye wuri ɗaya, an raba cikinta gida uku, wato na kaya masu tsabta, da na kaya masu ƙazanta, da na takardu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa sai jaka ta musamman?

Dalili na farko, yawan canji. Jariri sabon haihuwa yakan bukaci a canza masa ƙunzugu sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. Wanda yake zaune a gidansa ba ya jin nauyin wannan. Mu kuwa muna wuni a waje: yau asibiti, gobe rabon kaya, jibi ofishin takardu.

Dalili na biyu, yanayin garin. Da yawanku kun fito daga arewa, daga Malanville da Karimama da Kandi da Banikoara, ko daga Nijar, Najeriya da Burkina Faso. Can idan aka shanya tsumma da hantsi, kafin azahar ya bushe ƙarau. Kwatano bakin teku ce, iskarta da laima, kuma damina biyu gare ta: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Tsumma yakan wuni a kan igiya bai bushe ba. Wanda bai ajiye busasshe ba, jiƙaƙƙe zai ɗaura wa ɗansa.

Dalili na uku, ruwa yana iya shiga ɗaki da dare. Garin yana kwance ne tsakanin teku da tafkin Nokoué, kuma unguwanni da yawa suna cika da ruwa duk shekara. A ambaliyar 2010, gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar Benin abin ya shafa. Mu da muka taɓa barin gida ba shiri mun san ba a neman kaya cikin duhu. Hannu ɗaya ya ɗauki yaro, ɗayan ya ɗauki jaka, shi ke nan.

Wace irin jaka?

Ba sai an sayi sabuwa ba. Tsohuwar jakar makaranta ta isa, ko jakar hannu mai zif. A kasuwar gwanjo ana samun irinsu. Abin da za a duba uku ne: ta kasance tana rufuwa, saboda ƙuda da kyankyaso, tana da igiyar ratayawa, domin hannu biyu su zama a sake, kuma ana iya wanke ta. Kada nauyinta ya fi na jaririn. Idan za a hau zem, wato baburin haya, yaro yana baya a goye da majanyi mai ƙarfi, jaka tana gaba. Jakar da ta yi nauyi ita ce ake bari a gida, kuma jakar da aka bari a gida ba ta amfanar kowa.

A buga ƙusa a bango kusa da ƙofa, sama da inda ruwa zai iya kaiwa, sama kuma da inda hannun ƙananan yara zai kai. Nan ne gidanta.

Gida na farko: kaya masu tsabta

Ƙunzugu guda 6 zuwa 8 don wuni ɗaya. Na tsumma ko na kanti, wanda ake ce wa famfas, duk suna aiki. Na kanti yana da sauƙi amma kuɗinsa ba ya ƙarewa, kuma tsadarsa ce take sa wasu su bar shi a jikin yaro tun safe har yamma, abin da yake cin fata. Tsohon zanen atamfa na auduga, wanda ya sha wanki ya yi laushi, idan aka yanka shi murabba'i aka dalle bakinsa, ya wadatar. A guji yadin roba, ba ya shan ruwa. Shawarata, a yi amfani da na tsumma a gida, a ajiye na kanti guda biyu ko uku a jaka don doguwar tafiya ko ranar da wanki bai bushe ba.

Shimfiɗa. Guntun leda mai kauri ko tabarmar roba, da zane ɗaya na ɗorawa a kai. Kada a kwantar da jariri kai tsaye a bencin asibiti, ko a dandamali, ko a kan yashi.

Ruwa da abin gogewa. Gora ɗaya mai murfi cike da ruwa mai tsabta, da auduga ko ƙananan tsummoki masu laushi guda 10. Ruwan famfo na SONEB ya fi na rijiya. A Fidjrossè ƙasa yashi ce, ruwa yana kusa da sama, kuma rijiyoyi da yawa ba su da nisa da masai. Idan na rijiya ne kawai ake da shi, a tafasa, ko a jefa ƙwayar Aquatabs bisa yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Tishu mai laima na kanti ba dole ba ne, kuma mai turare yakan sa fatar wasu jarirai ta yi ja.

Sabulu. Guntun sabulu marar turare a cikin ƙaramar roba mai murfi. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya daga jakar nan bayan ƙunzugu, sabulu zan zaɓa.

Mai. Man kaɗanya tsantsa ko basilin marar ƙamshi, a shafa kaɗan a busasshiyar fata don ya tare fitsari. Idan fata ta fara ja, akwai farin man shafawa mai sinadarin zink a kantin magani.

Kayan sawa. Riga biyu, hula ɗaya, safa, da zanen goyo na canji. Jariri yana saurin jin sanyi idan ruwan sama ya taɓa shi ko iskar teku ta kaɗa da yamma. Mai jego ita ma ta saka wa kanta audugar mata ko ƙunzugu, da ruwan sha, da ɗan abin taɓawa. Mai shayarwa ba ta wuni da yunwa.

Gishirin gudawa. Ƙunshi biyu na garin da ake kaɗawa, wanda ma'aikatan lafiya na nan suke kira SRO, tare da ƙwayar zink. Ana samun su haɗe da sunan Orasel-Zinc. Ƙunshi ɗaya ana kaɗa shi cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, abin da ya kwana 1 a zubar. Zink ana ba da shi kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Wannan ya fi shafar yaron da ya haura wata 6 da yayyensa. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya fara gudawa, a ƙara masa nono a nufi asibiti, kada a tsaya magani a gida.

Gida na biyu: kaya masu ƙazanta

Nan ne aka fi yin kuskure. Mun tashi muna jin ana cewa kashin jariri ba shi da komai, tunda nono kawai yake sha. Ba haka ba ne. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, kuma ya fi saurin yaɗuwa, domin a hannu ake ɗaukarsa, a tsakar gida ake wanke shi, inda sauran yara suke rarrafe kuma ake girki. Ta wannan hanyar gudawa da kwalara suke zagaya gida, balle gidan haya da iyali biyar suke kama masai ɗaya.

Don haka a samu roba mai murfin da yake kamawa sosai, ko jakar leda mai kauri wadda ake ɗaurewa a wanke a sake amfani da ita. Duk tsumman da ya ɓaci, can zai shiga. Ba ya haɗuwa da kaya masu tsabta, ba ya haɗuwa da abinci, ba ya haɗuwa da takardu. Idan jakar tana da aljihun waje, nan ne wurinsa.

Famfas da aka yi amfani da shi, a karkaɗe kashin cikin masai, a naɗe shi, a ɗaure, a jefa a kwandon shara mai murfi har masu kwasar shara na SGDS su zo. Kada a jefa shi cikin masai, yana cika ramin kuma yana toshe bututu. Kada a jefa shi a kwata ko a bakin teku. Kwatar da ta toshe, ruwanta ɗakinmu yake dawowa.

Gida na uku: takardu

Wannan sashen shi ne ya fi kusa da aikina, kuma shi ne na fi roƙonku a kai. A samu leda mai zif ko jakar roba ta takardu, a naɗe sau biyu, a sa a aljihun ciki. Abin da zai shiga:

Littafin lafiyar uwa da yaro, wanda ake ce wa karne. A ciki ake rubuta nauyin yaro da alluran rigakafi. Ana fara rigakafi tun ranar haihuwa, da allurar tarin fuka da ɗigon shan inna, sannan a mako 6, mako 10, mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Tun watan Afrilu 2024 ƙasar Benin ta ƙara allurar zazzaɓin cizon sauro, ana farawa daga wata 6, kuma sau 4 ake yin ta. Idan iyali suka tashi daga nan zuwa wani gari, littafin nan ne zai gaya wa ma'aikacin can inda aka tsaya.

Takardar shaidar haihuwa da asibiti ya bayar. Ita ba takardar haihuwa ta hukuma ba ce, amma da ita ake neman ta hukuma. A Benin hukumar ANIP ce take kula da rajistar mutane, kuma doka ta sa wa'adi gajere na sanar da haihuwa. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, hanyarsa tana tsawo. Kada ku jira a yi arba'in. Ku fara maganar tun kafin ranar suna, ku tambayi ungozomar asibiti abin da ya kamata. Wadda ta haihu a gida ta je cibiyar lafiya mafi kusa cikin kwana ɗaya ko biyu, a duba ta da jaririn, a kuma rubuta haihuwar.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Benin ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 7 a yi wa kowane yaro rajista da zarar an haife shi. Ba ta ware ɗan baƙo ba. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, wahalarsa tana zuwa daga baya: ranar jarrabawar makaranta, ranar ƙetare iyaka, ranar da aka koma gida aka ce a nuna ɗan waye.

Kwafin takardun iyaye, da wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan yaro, sunan uwa da uba, unguwa, da lambobin waya biyu. Na asali kuwa, a ajiye su a wuri busasshe a ɗaki, sai ranar da aka ce a zo da su. Mai wayar da take ɗaukar hoto ya ɗauki hoton kowace takarda, ya tura wa ɗan uwa amintacce.

Ku kuma sanar da mu haihuwar, domin a ƙara jaririn cikin takardun iyali. Wannan aikin a wurinmu kyauta ne. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ko wani abu don ya shigar da ɗanku, ko ya ce ku ba shi takardunku na asali ya tafi da su, kada ku ba shi, ku zo ku faɗa wa jami'ar kariya. Maganarku sirri ce.

Abin da ba ya shiga jaka

Hoda. Garinta yana tashi jariri ya shaƙa, kuma idan ta haɗu da gumi tana dunƙulewa a matsematsi.

Kafur, wato farar ƙwayar da ake jefawa cikin akwatin kaya don kyankyaso. Akwai jarirai da yawa a Afirka ta Yamma da aka haifa da jinin da ba ya jure ta. Warinta a jikin tufafi kaɗai yana iya fasa musu ƙwayoyin jini, ya jawo shawara mai tsanani. Kada ta kusanci kayan jariri ko kaɗan.

Kwalli. Wani yana ɗauke da dalma, wadda take cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Maganin bakin titi, da jiƙo, da sauran maganin wani yaro. A sayi magani a kantin magani mai lasisi, bisa takardar likita.

Fida da ruwan shan jariri. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko da ana zafi, domin mafi yawan nono ruwa ne. Fidar da ta wuni cikin jaka a zafin Kwatano gidan cuta ce. Wadda take da matsalar shayarwa ta yi magana da ma'aikaciyar lafiya.

Yadda ake canji a waje

Nemi inuwa, nesa da masu abinci. Shimfiɗa leda da zane a ƙasa, ya fi benci, don ba a faɗowa daga ƙasa. Fito da duk abin da kike bukata kafin ki kwance yaro, kuma hannunki ɗaya kada ya bar jikinsa. Goge da ruwa daga gaba zuwa baya, musamman 'ya mace, don kada kashi ya shiga mafitsara. Bi matsematsi. Tsane da busasshen tsumma, kada ki dirza, ki bar iska ta sha shi ɗan lokaci. Shafa mai, ɗaura sabon ƙunzugu, ba da tsauri ba: yatsu biyu su iya shiga. Rufe mai ƙazanta a robarsa. Sannan ki wanke hannu da sabulu, gaba da baya da tsakanin yatsu, kafin ki ba da nono.

Idan cibiya ba ta faɗi ba, a naɗe bakin ƙunzugu ƙasa da ita don fitsari kada ya jiƙa ta. Takan faɗi da kanta cikin mako 1 zuwa 2. Kada a sa mata toka, man goge baki, gishiri ko kashin dabba, kada kuma a gasa ta da tsumma mai zafi. Ta nan cutar tetanus take shiga, wadda take sandarar da jariri. Idan asibiti sun ba da maganin cibiya, shi kaɗai za a sa, kuma kada ya taɓa ido.

Idan an dawo gida

Kafin a kwanta, a zazzage jakar. A zubar da kashin tsumma cikin masai, a wanke da sabulu a bokitin da aka ware don wannan kawai, a ɗauraye sosai, domin ragowar sabulu yana cin fata. Ruwan wankin a zuba shi a masai, ba a tsakar gida ba. A shanya a igiya cikin rana. Kada a shanya a ƙasa: akwai wani ƙuda da yake yin ƙwai a yashi da tsumman da fitsari ya taɓa, tsutsarsa ta shiga fatar yaro ta kumbura kamar maruru. Guga da dutse mai zafi tana kashe ƙwan, tana kuma ƙarasa busar da abin da laima ta hana. Daga nan a wanke robar ƙazanta, a sake ruwan gora, a cika abin da ya ragu, a mayar da jaka kan ƙusarta.

Maigida, wannan aikin naka ne kai ma. A gida da akwai mata da yawa masu taya mai jego. A nan sau da yawa daga kai sai ita. Ɗebo ruwa, guga, duba jaka da dare, da bin takardar haihuwa, duk ba su rage wa namiji komai. Ka san inda kowane abu yake, domin ranar da aka kwantar da ita a asibiti, kai ne za ka ɗauki jakar.

Alamomin da ba a jira

Lokacin canji shi ne lokacin duba jariri. Daga kwana 5 da haihuwa, wanda yake samun isasshen nono yakan jiƙa ƙunzugu sau 6 ko fiye a yini da dare. Idan fitsari ya ragu sosai, a nemi ma'aikacin lafiya. Jan fatar da bai yi sauƙi ba bayan kwana 3, ko ya fara ƙuraje da ruwa, shi ma a kai a duba.

Amma waɗannan, ko tsakar dare ne, a ɗauki jaka a tafi: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirji yana lotsawa, jijjiga, ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, cibiya tana ruwa mai wari ko gefenta ya yi ja, jini cikin kashi. A fara da cibiyar lafiya mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibiti, kamar asibitin uwa da yara na Lagune, wanda aka fi sani da HOMEL.

Tambayoyin bita

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta, ku amsa tare:

1. Gida nawa ake raba jakar jariri, kuma me yake shiga kowanne?
2. Ina ake zubar da kashin jariri, ina kuma ake jefa famfas?
3. Me ya sa ba a sa kafur cikin kayan jariri?
4. Mene ne bambancin takardar asibiti da takardar haihuwa ta hukuma?
5. Faɗi alamomi huɗu da ba a jira gari ya waye a kansu.

Aikin wannan mako: kowane gida mai jariri ko mai tsohon ciki ya haɗa jakarsa, ya buga mata ƙusa. Wadda ba ta da wani abu cikin waɗanda aka lissafa, ko wanda takardar ɗansa ta jiƙe ko ta ɓata, ya zo ya same mu a ranakun ganawa. Ina nan, za a ji maganarku da Hausa. Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiya.